Waiwaye: Dogon da ya tsaya a Ƙaura

A 1929 ne layin dogon da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya isa Ƙauran Namoda, a nan kuma ya tsaya cak. Bai ƙarasa Sakkwato ba, balle Gwandu. Auduga da gyaɗa Turawa ke bi, kuma ba su tambayi kowa inda yake son tasha ba. Ga shi ana neman shekara ɗari, jihar Kebbi ba ta da ko taku ɗaya na dogo. Mutumin Gwandu ko Kalgo da ke son hawa jirgin Abuja sai ya wuni a mota har Kaduna, ya sauka da kumburarrun ƙafafu, sannan ya nemi hanyar tashar Rigasa.

Abin da zai tarar a tashar shi ne jadawalin fasinja: jirgi zai tashi ƙarfe kaza, ya isa Idu a Abuja ƙarfe kaza. Amma akwai wani jadawalin da ba a liƙa shi a bango, na direbobi da masu ba da hannu. Layin nan da aka buɗe a Yulin 2016 mai tsawon kilomita 186 ne, kuma guda ɗaya ne tal, don haka in jirage biyu suka fuskanci juna, dole ɗaya ya raɓe a wata tasha ɗaya ya wuce. Wa zai jira wa, a Jere ko a Rijana, minti nawa, da wane gudu za a bi kowane yanki, duk suna cikin wannan takarda. In jirgi ya saba makara, ita ce za ta nuna ko inji ne ya gaji, ko kuwa tun a kan tebur aka tsara abin da ba zai yiwu ba.

A da, neman irin wannan takarda neman magana ne. Dokar sirrin gwamnati ta 1962 ta sa ma'aikaci na kallon kowane fayil a matsayin amanar da za a ɗaure shi in ya buɗe. "Oga ba ya nan, ka dawo gobe." Iyakar amsar ke nan. Tun 1993 ƙungiyar Media Rights Agenda da abokan tafiyarta suka fara fafutukar sauya wannan. Majalisa ta amince da ƙudirin, Obasanjo ya sauka a 2007 bai sa hannu ba, sai ranar 28 ga Mayun 2011 Goodluck Jonathan ya rattaba hannu a kan Dokar 'Yancin Samun Bayanai.

Mutanenmu da yawa sun ɗauka ta 'yan jarida da lauyoyin Legas ce. Ba haka ba ne. Kowa na iya nema, kuma ba sai ya faɗi dalilinsa ba. Hukuma na da kwana bakwai ta amsa, ana iya ƙara mata wasu bakwai. In ta ƙi, sai ta rubuta dalili, mai nema kuma yana da kwana talatin ya kai ƙara kotu. Wanda bai iya boko ba ma an tanadar masa: wani na iya nema a madadinsa, ko ya faɗa da baki jami'i ya rubuta.

Za a ce tsaro, kuma ban raina wannan hujjar ba. Duk wanda ya tuna harin da aka kai wa jirgin ranar 28 ga Maris 2022, da watannin da fasinjoji suka yi a daji, da yadda jirgin bai dawo aiki ba sai Disamba, ya san akwai abin da bai kamata a baza ba. Sai dai dokar ta ce a cire ɓangaren da ke da haɗari a ba da sauran, ba a kulle fayil ɗungurungum ba. A Ingila, kamfanin Network Rail, wanda ya shiga ƙarƙashin irin wannan doka a 2015, a intanet yake sa nasa jadawalin aikin, kowa ya duba.

To ina ruwan wanda ba shi da jirgi? Ai shi ne ma da ruwa, tun ran gini ran zane. A Maris 2023 an gyara kundin tsarin mulki, yanzu jiha na iya shimfiɗa nata dogon. Babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry da aka ƙaddamar a 2024 za ta ratsa Kebbi, an kuma ce an tanadi wurin dogo a jikinta. A Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar bayanan ta shafi gwamnatocin jihohi, wato ofisoshin Birnin Kebbi ma ba su da wurin ɓuya.

Ɗaliban Jami'ar Tarayya da ke kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, da 'yan kasuwar albasar Aliero, da ƙungiyoyin ci gaban Gwandu, takarda mai shafi ɗaya ta ishe su. A tambayi Ma'aikatar Ayyuka da ta Sufuri da Hukumar Jiragen Ƙasa taswirar hanyar, da garuruwan da aka ware wa tasha, da ko an yi lissafin jirgin kaya. A kai da kwafi biyu, a sa akawu ya buga hatimi da kwanan wata a kan ɗaya, don daga ranar da takarda ta shiga hannunsu ne ake fara ƙirga kwana bakwai ɗin.