Wa Ya Ce Hayaƙi Yana Da Damina Da Rani?

Jama'a, wata sabuwar fasaha ta shigo shafukan samarinmu na Birkitari da New Bell, kuma ta kai a tanka mata. Za ka ga yaro ya ɗora hotonsa da murtukekiyar taba a baki, wadda Faransawa ke kira sigar (ba karan sigari nake nufi ba, wannan ganye ne zalla aka naɗe da ganye), a ƙasa ya kwafo bayanin wace iri ce ta dace da zafi, wace ce ta dace da sanyi. Wai mai farar riga, irin ta Connecticut, ita ce ta lokacin zafi saboda sauƙinta. Mai baƙar riga, wadda suke kira maduro, a ajiye ta sai sanyi ya kama, don tana da ɗanɗanon gahawa da cakulan. Ana yaɗa wannan kamar wani ilimi da aka gada daga malamai, alhali talla ce ta masu kanti.

A Amurka aka raini wannan magana. A 1992 Marvin Shanken ya fara buga mujallar Cigar Aficionado a New York, ta ɗauko salon da ake yabon giyar inabi da shi ta ɗora wa taba: ana ba ta maki cikin 100, ana cewa wannan tana ƙamshin itace, waccan tana ƙamshin fata. Mai kanti kuwa ya gane abu guda. Mutumin da ya saba da taba iri ɗaya akwati ɗaya zai saya. In ka shawo kansa cewa kowane yanayi da tasa, ka sayar masa da huɗu. Shekarar da aka yanka huɗu ɗin ma tasu ce, mai ƙanƙara da zubar ganye. Mutumin Duwala, da ruwa ke dukan kwanonsa tun daga Yuni har Oktoba, a wane watan zai kunna tabar ƙanƙara?

Na san abin da za a ce mini. Za a ce ai baki yana bin yanayi, mu ma da bazara fura da nono muke nema, da hunturu kuma shayi mai citta da kunu mai zafi. Haka ne. Amma fura tana kashe ƙishi, kunu yana ɗumama ciki, kowanne jiki ne ya nema don ya amfana. Sunayen lokutanmu ma aiki ne ya raɗa su: damina ta shuka da noma ce, kaka ta girbi da biki. Me jiki ya rasa da kaka wanda hayaƙi zai cike masa?

Cibiyar binciken ciwon daji ta Amurka ta fitar da littafi guda a kan sigar tun 1998, kuma lissafinta a fili yake. Karan sigari bai kai giram 1 na taba ba, babbar sigar kuwa tana ɗauke da giram 5 zuwa 20. Masu kare ta suna cewa ai ba a haɗiye hayaƙin, a baki yake tsayawa. To, a bakin yake aikinsa. Hayaƙin sigar yana da kaifi irin na kanwa, shi ya sa nikotin ke ratsa fatar baki ya shiga jini ba sai ya bi ta huhu ba, kuma dajin baki da na maƙogwaro da na hanyar abinci duk suna biye da shi. Sigmund Freud ya sha tiyata fiye da 30 a muƙamuƙinsa kafin ya mutu a 1939. Fidel Castro, wanda duniya ta san shi da sigar a hannu, ya ajiye ta a 1985. Shugaban ƙasar da ta fi kowa suna a wannan sana'a ke nan.

Akwai kuma ƙanwar babbar, ƙaramar sigar mai ɗanɗanon inabi ko zuma ko ceri, wadda ita ce aljihun yaranmu zai iya. A 2009 Amurka ta hana sa wa sigari irin wannan ɗanɗano, in ban da na'a-na'a, domin an ga yara ake farauta da shi. Dokar ba ta taɓa sigar ba. Nan da nan masu shigo da sigarin kanumfari na Djarum suka sauya masa riga, suka naɗe shi da ganye, ya koma sigar a idon doka. A 2022 hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ta nemi toshe wannan kafa, tana cewa matasa fiye da rabin miliyan ne ke shan masu ɗanɗanon, amma a farkon 2025 aka janye ƙudurin. Mu nan mun san wannan dabara a wata kama. Da ƙamshin tuffa da na'a-na'a shisha ta shiga ɗakunan 'yan mata da samari, har gwamnati ta haramta ta a Maris 2022. Zaƙin aikinsa ɗaya ne, ya rufe ɗacin da zai sa mai farawa ya tofar.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan. Ɗaya daga cikin ganyen naɗi mafi daraja a duniya daga ƙasar nan yake fita. A Gabas ake noma shi, wajajen Baturi, har zuwa cikin Afirka ta Tsakiya, daga irin da aka kawo daga Sumatra, kuma iyalan Meerapfel na Beljiyam suka farfaɗo da cinikinsa a shekarun 1990. Shi ne rigar sigar Hemingway ta kamfanin Arturo Fuente. Manomi ya tsinke shi ganye-ganye, ya shanya a rumfa, a ɗaure a tsallaka teku da shi zuwa Jamhuriyar Dominika, a naɗe, a liƙa masa zoben takarda mai ruwan zinariya. Sai ɗan Hausawan Yawunde ya saye shi da kuɗin da zai ciyar da gida kwanaki, sannan ya buɗe waya ya tambayi Ba'amurke watan da ya halatta ya kunna ganyen ƙasarsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kada wani ya ce ina wanke kakanninmu. Sun sha lofe, sun cusa garin taba da kanwa a leɓe, mata sun rina haƙora da fure da goro. Sai dai ban taɓa jin tsohon da ya kira wannan ilimi ba. Jaraba suke ce mata, kuma sukan kori yaro in ya matso.

Ga mai taurin kai da ya ce sai ya bi kalandar, ga abin da kalandar ba ta faɗa masa ba. Sigar tana son laima kusan kashi 70 cikin 100, shi ya sa ake ajiye ta a akwati na musamman. Iskar hunturu a Garwa da Marwa takan sauko ƙasa da kashi 20. Ganyen Kamaru kuwa siriri ne, shi ya fi saurin tsagewa. Ka fito da tabar sanyin taka a watan Janairu, ka bar ta a aljihu kwana biyu, za ta dare a hannunka kamar busasshen ganyen dawa, ga ƙura ta riga ta cika ƙirjin da kake shirin ƙara wa hayaƙi.