Sharhi: Ɗab'in Jirage Marasa Matuƙa, Ina Ribar Take?

A shekarar 2011, injiniyoyin Jami'ar Southampton ta Ingila sun tayar da wani ƙaramin jirgi maras matuƙi mai suna SULSA, wanda na'urar ɗab'i ta ƙera gangar jikinsa da fukafukansa daga garin nailan, tana ɗora shi hawa bisa hawa har siffar ta kammala. A 2016 kuma kamfanin Airbus ya baje kolin nasa, THOR, mai nauyin kimanin kilo 21, a birnin Berlin. Wannan ya sa wasu ke ganin duk wanda ya mallaki irin wannan na'ura ya mallaki masana'antar jirage. Lissafin bai kai nan ba.

Fa'idar fasahar ita ce ba ta buƙatar mazubin ƙarfe da masana'antu ke zuba narkakkiyar roba a ciki, wanda ke cin maƙudan kuɗi tun kafin a fitar da kaya ko guda. Saboda haka tana da rahusa in guda goma ko hamsin ake so. In kuwa dubbai ne, mazubi ya fi ta sauri da araha.

Bugu da ƙari, gangar jiki kaɗai waɗannan na'urori ke fitarwa. Injin juya farfela da batir da kyamara da na'urar sarrafa tashi duk sayo su ake yi, galibi daga ƙasar Sin, wadda a 2023 ta ƙaƙaba takunkumi kan fitar da wasu jiragen da kayayyakinsu. Ɗan kasuwar Nijeriya da ya ce zai ƙera cikakken jirgi, da dala zai biya akasarin kuɗin kayan.

Inda ribar take shi ne kayan gyara. Masu awon filaye da masu feshin gonaki da masu ɗaukar fim kan jingine jirgi makonni saboda karyewar hannu guda, alhali ana iya ɗaba'a shi cikin sa'o'i. Sai dai wajibi ne mai zuba jari ya tanadi wutar lantarki tsayayya, domin ɗaukewarta a tsakiyar aiki na iya lalata kayan. Ya kuma sani cewa tayar da jirgi don kasuwanci sai da izinin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama da amincewar ofishin mai bai wa shugaban ƙasa shawara kan tsaro.

Wanda ya fara da shagon gyara, ya san abokan ciniki da buƙatunsu, shi zai fi tsira da jarinsa.