Guzurin jirgi: tuwo ya wuce, miya ta tsaya

A Dakoro ba a sallamar matafiyi hannu sake. Ko Maraɗi zai sauka, sai an ɗaure masa ƙulli: cuku, kilishi, hura, wani lokacin har da kwalbar man shanu. A mota ba mai tambaya. Amma wanda zai hau jirgi daga Maraɗi zuwa Yamai, ko daga Yamai zuwa Agadas, sai jakarsa ta bi ta na'urar bincike, kuma a nan ne wahalar uwa kan ƙare a kwandon shara.

Da yawa na zaton dafaffen abinci ne aka hana. Ba haka ba ne. Masu bincike ruwa suke nema. Tun watan Agusta na 2006, da aka gano shirin tarwatsa jirage daga Landan da abin fashewa mai ruwa, ƙa'idar da ta bazu a filayen jirgin duniya ita ce kada abu mai ruwa ya wuce mililita 100 a kowane mazubi cikin jakar hannu, wato ɗan abin da bai cika kofi ba. Tuwo busasshe ne, miya kuwa ruwa ce. Dunƙulen hura daban, damammiya da nono daban. Man shanu da zuma ma cikin masu ruwa ake lissafa su. Irin waɗannan a rufe su gam, a sa cikin akwatin da ake aunawa. Wuƙar yanka nama ita ma can za ta.

'Yan uwa na waje, ku kula da nan: kilishin da ya isa Yamai lafiya, ba lalle ya shiga Faransa ba. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana matafiyi daga ƙasashenmu shigo da nama da kayan nono, saboda cututtukan dabbobi. Cuku ma yana ciki. In kun ce a aiko muku, 'yan duwan na iya ƙwacewa, har da tara.

A ganinmu laifin bai kan tsohuwar da ta kwana tana daka. Ana rubuta ƙa'idar da Faransanci a jikin bango, ita kuwa rediyo take ji. Ya kamata hukumar jiragen sama ta ANAC da masu sayar da tikiti su bayyana ta da Hausa, da Fulatanci da Buzanci, kafin lokacin aikin hajji, sa'ad da mutanenmu suka fi shiga jirgi.