Ruwa a ƙirji: kwashewa ba ita ce warkewa ba

Ƴan kasuwa maza da mata, yau da ku muke. Sau nawa muka ga maƙwabcin rumfa a Sabon Gari yana tari sati uku, yana rama, in ya ɗauki buhu sai haki, amma ya ce sanyi ne? Sai a sayi ƙwaya wurin mai talla, ko a kira wanzami ya yi ƙaho. Ranar da numfashi ya gagara a kai shi asibiti, a ɗauki hoton ƙirji, likita ya ce ruwa ya taru.

Wannan ruwa ba cikin huhu yake ba. Tsakanin huhu da haƙarƙari akwai tantani biyu, da ɗan ruwa kaɗan da ke sa su zamewa in ana numfashi. Idan cuta ta shiga, ruwan na iya wuce lita biyu, ya danne huhu ya hana shi buɗewa. Ƙaho ba ya kai wa can.

Mu dai a ganinmu, babban kuskuren shi ne ɗaukar ruwan a matsayin cutar. Alama ce kawai. A ƙasashenmu tarin fuka na kan gaba wajen kawo shi. Akwai kuma limoniya, wadda kan mai da ruwan mugunya, da ciwon ƙoda, da na hanta, da ciwon daji kamar na mama. Sai ciwon zuciya, wanda kan kama wasu mata bayan haihuwa. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, ba ta iya kwanciya sai a jingine, kada a ce ta ƙara kunun kanwa, a kai ta asibiti.

Likita zai sa allura tsakanin haƙarƙari ya zuƙe ruwan a hankali, a auna shi a gano tushe. In mugunya ce sai a sa roba ta kwana tana tsiyayewa. Kada tsoron allura ya hana mu zuwa.

To amma fa wanda rumfarsa ke yoyo, ya kwashe ruwa bai gyara rufi ba, gobe ma sai ya kwashe. In tarin fuka ne, magani wata 6 ne cur, kuma kyauta ake ba da shi a Nijar. Wasu da sun ji sauƙi sai su ajiye shi su koma harkokinsu, cutar ta dawo, wani lokaci ta ƙi jin magani.

Mun san rufe rumfa ranar Litinin ko Juma'a asara ce. Amma daga Tibiri ko Jiratawa zuwa babban asibitin Maraɗi ba tafiyar yini ba ce. Mu tsare wa ɗan'uwa kayansa ya je a duba shi. Riba ta kan dawo, jarin da ba ya dawowa shi ne rai.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.