Abin da hannu bai shigar ba, kada a tilasta shi da sifana

A wannan mako filinmu zai bar fagen siyasa ya leƙa ƙarƙashin mota, saboda abin da na gane wa idona a wani garaji na birnin Maraɗi.

Maƙwabcina ya kai motarsa ƙirar Toyota mai giyar otomatik domin a sauya wata roba da ke yoyon mai a bayan inji. Aikin ba ya yiwuwa sai an sauke bwat, wato akwatin canjin gudu. Aka sauke, aka sauya, aka mayar. Ana tada inji sai aka ji ƙas! Aka sa giya, mota ta ƙi gaba ta ƙi baya. Mai mota ya ce: "Haba maigida, da ƙafarta fa ta zo nan." Maigidan garaji ya juya ya wanke yaronsa da mari, alhali shi da bakinsa ya ce wa yaron: "Ja noti, za ta shiga."

Kanikawanmu sun ƙware a kan Peugeot 404 da 504, masu giyar hannu. Amma tun daga shekarun 1990 tsofaffin motoci suka yi ta shigowa ta tashoshin Kotonu da Lome, kuma sannu a hankali masu otomatik suka yawaita. Motar ta sake, hannun da ke gyaranta bai sake ba.

A irin wannan mota, tsakanin inji da bwat akwai wani tandun ƙarfe mai kama da ƙwarya biyu da aka kife, wanda Faransawa ke kira convertisseur de couple. Cike yake da mai da fukafukai: ɓangaren da inji ke juyawa ya watsa man, man ya ture ɓangaren da ke juya bwat. Wani Bajamushe, Hermann Föttinger, ya yi rajistar wannan dabara a 1905 domin jiragen ruwa, kamfanin Buick na Amurka kuma ya sa ta a motocinsa a 1948. Tandun nan ana ɗaure shi da notuna a jikin wani siririn faifan ƙarfe mai haƙora a baki, wanda ke manne da sandar inji.

Ga inda gizo ke saƙa. Ba a fara ɗaure tandu a jikin faifai. A bakin bwat ake fara zura shi tun tana ƙasa, bayan an zuba masa mai kamar lita 1, an kuma shafa wa wuyansa mai don kada ya yage roba. Ana turawa ana juyawa, har a ji ya faɗa mataki-mataki, galibi sau uku: ya kama haƙoran sandar ciki, ya kama na sandar waje, daga ƙarshe wuyansa ya shige cikin famfon mai. Wannan mataki na ƙarshe shi ne aka tsallake a motar maƙwabcina. Mai hankali yakan gitta miƙaƙƙen ƙarfe a bakin bwat ya auna zurfin da tandu ya shiga, ya gwada da abin da littafin motar ya faɗa.

Idan an ɗaga bwat, wajibi ne bakinta ya haɗu da inji da hannu kawai, ba tare da wata kafa ba. In ta ƙi, akwai abin da ya tokare. A sauke a duba. Wanda ya jawo ta da noti, tandu yake matsewa a kan famfo, famfo kuwa in ya fashe babu man da zai kewaya, bwat ta mutu. Wani lokaci ma matsin yakan cinye ƙarfen da ke tare sandar inji.

Bayan an ɗaure bwat akwai gwaji na ƙarshe, wanda ba ya cin ko dala. A sa yatsa a juya tandu: ya kamata ya juya sakayau, kuma a ga tazara ta kimanin milimita 3 zuwa 5 tsakaninsa da faifai, wadda za a rufe ta hanyar jawo shi gaba. In ya manne ƙam, bai zauna ba. Sannan a sa notunan duka da hannu, ana juya inji kaɗan-kaɗan, kafin a ɗaure su bisa awon da masu ƙira suka tsara. A kuma yi amfani da notunansa na asali, domin wanda ya yi tsawo yakan lotsa jikin tandu ya ɓata abin da ke ciki. Kada a manta a duba faifan kansa tun farko: in akwai tsaga a kewayen ramukan tsakiya, a sauya shi.

Duk wannan bai wuce aikin mintoci kaɗan ba. Rashinsa ya sa motar maƙwabcina ta yi mako uku a kan duwatsu ana neman famfo, abota ta shekaru kuma ta kusa ƙarewa gaban hukuma.

Don haka kirana ga masu garaji: ku koya wa yara dalilin aiki, kada a tsaya ga tsawa da mari. Ku kuma masu motoci, ku daina tsayawa kan bakanike kuna duban agogo; tambaya guda ta ishe ku: "Maigida, tandu yana juyawa kafin ka ɗaure?" Magabata sun ce sauri kan haifi nawa.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.