Sartse: A San Inda Za A Tsaya

'Yan'uwa manoma, da wuya a yi shara ko girbi ba a sami wanda ƙayar aduwa ko ta bagaruwa ta soke shi ba, ko kuwa sartsen ƙotar fartanya ya shige masa tafin hannu. Yawancinmu mun iya cirewa. A ganina abin da ba mu iya ba shi ne dainawa.

In kana ganin kan sartsen, cire shi a gida daidai ne. A wanke hannu da wurin da sabulu. A tafasa allura da hantsaki cikin ruwa, a bari su huce. A zauna inda akwai haske, a buɗe fatar sama kaɗan da bakin allura, a kama kan, a ja shi ta hanyar da ya bi ya shiga. Kada a matsa, gama matsi yana karya shi gida biyu. Bayan ya fita a sake wankewa, a shafa aidin, a ɗaure da tsumma mai tsabta.

Amma in an yi minti 15 bai fito ba, sai a ajiye allura. A nan ne muke ɓarna. Wani ya kawo tsohuwar reza, wani tsinin wuƙa, ana ta tono har ɗan rami ya zama gyambo, sa'an nan a cusa ƙasa, ko kashin shanu, ko baƙin man mota. Ƙwayar ciwon tetanus, mai sarƙe haƙora ya sandarar da jiki, cikin ƙasa da kashin dabbobi take zaune, kuma rami mai zurfi wanda iska ba ta shiga shi take so. Yakan bayyana tsakanin kwana 3 da 21, sau da yawa bayan bakin raunin ya rufe, mutum ya manta. Ba tsatsa ce ke kawo shi ba, kamar yadda ake cewa. Ƙaya ma tana kawo shi.

Wanda ya nutse ƙarƙashin farce, ko kusa da ido, ko cikin gaɓa, aikin ɗakin magani ne tun ranar farko. Haka kuma in wurin ya kumbura, yana zuga, ga mugunya, ko kaluluwa ta fito, ko zazzaɓi ya zo. Guntun itace ya fi ƙarfe da kwalba ruɓar da nama. Mai ciwon sukari, da wanda kuturta ta kashe masa ji a ƙafa, kada su tona ko kaɗan.

Za a ce hanya da nisa, kuɗi kuma babu. Gaskiya ne. Sai dai kuɗin mota na yini ɗaya bai kai asarar mako uku na noma tsakiyar damina ba.

Mata da yawa suna samun allurar rigakafin tetanus wurin awon ciki. Mazan fa, da suke yini cikin taki? Yawanci tun ta ƙuruciya ba su ƙara ba, alhali kuwa in rauni mai zurfi ne mai datti, kuma an wuce shekara 5 da ta ƙarshe, ana bukatar sabuwa. Kowace ƙungiya ta sa wannan cikin taronta na gaba: a nemi ma'aikacin lafiya ya sa rana kafin ruwan fari, a kuma sayi hantsaki, da aidin, da bandeji daga asusu, a ajiye wurin ma'aji.