Zanen Da Ya Ƙi Yin Shiru

Jama'a, a wannan mako zancenmu na wani zane ne da ba shi da ja ko kore, sai baƙi da fari da ruwan toka, amma duk da haka ya tsone wa masu mulki ido fiye da jawabai dubu.

Ranar Litinin 26 ga Afrilu, 1937, ranar kasuwa ce a Gernika, wani ƙaramin gari na ƙabilar Bask a arewacin Sifen. Ana cikin yaƙin basasa a lokacin. Da la'asar sai jiragen saman Jamus da na Italiya, masu dafa wa Janar Franko baya, suka yi ta ruwan bama-bamai a kan garin har kimanin awa 3. Gwamnatin Bask ta ce mutum 1,654 suka halaka, ko da yake masana tarihi na baya sun rage adadin zuwa 'yan ɗaruruwa. Da gari ya waye, mutanen Franko suka ce ai 'yan garin ne suka cinna wa gidajensu wuta. Ka ji fa! Ga mari, ga tsinka jaka.

Labarin ya iske Pablo Picasso a birnin Paris ta jaridu. Da ma gwamnatin jamhuriyar Sifen ta ba shi aikin zane domin bajekolin duniya na wannan shekara. Ya fara aiki ranar 1 ga Mayu, ya gama a farkon Yuni. Tsayin zanen mita 3.49 ne, faɗinsa kuwa mita 7.76.

To, me ke cikinsa? Daga hagu ga uwa ta ɗaga kai sama tana kururuwa, gawar ɗanta a hannu, bijimi tsaye a kanta. A tsakiya ga doki da aka soke, harshensa kamar tsinin wuƙa. A ƙasa ga mayaƙi a wargaje, yana riƙe da karyayyen takobi, 'yar fure ta tsiro kusa da hannunsa. Daga dama wata mace ta miƙa hannuwa cikin gida mai cin wuta, wata kuma ta leƙo ta taga da fitilar ƙwai. Sama da su duka akwai ƙwan lantarki mai siffar ido.

Mai lura zai ga babu jirgi ko bom a zanen. Picasso ya bar maharan, ya nuna mana waɗanda abin ya faɗa wa. Ya taɓa bayyana cewa bijimin alamar ƙeta ne da duhu, dokin kuwa talakawa ne, daga baya kuma ya ƙi ɗaure kowa da fassara guda. A ganina, 'yar fitilar nan ita ce zuciyar aikin, domin tana tsaye a matsayin shaidar da ta ƙi bari a binne gaskiya.

Picasso ya hana a kai zanen Sifen sai 'yanci ya dawo, saboda haka ya zauna a New York. Mai zanen ya rasu a 1973, Franko a 1975, sannan aka kai zanen Madrid a 1981, aka kafa shi bayan gilashin da harsashi ba ya hudawa. Tun 1992 yana gidan tarihi na Reina Sofia. A 1997 ne shugaban Jamus, Roman Herzog, ya amsa laifin ƙasarsa, bayan shekara 60.

Abin bai tsaya nan ba. A watan Fabrairu na 2003, lokacin da Colin Powell ya je Majalisar Ɗinkin Duniya neman goyon bayan yaƙin Iraƙi, sai aka lulluɓe saƙaƙƙen kwafin zanen da ke ƙofar zauren Kwamitin Sulhu da labule. An ce wai domin masu ɗaukar hoton talabijin ne. Mu dai mun san mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Duk inda aka jefa bom a kasuwa, za a sami mai cewa ba haka aka yi ba. Hakkinmu ne mu riƙe fitilar. Allah Ya kiyashe mu da sharrin yaƙi, amin. Sai mako mai zuwa.